BABI NA UKU: BAƘI 'YAN AIKIN SA-KAI DA KULA DA YARA NAƘASASSU A ƘASAR GUMEL, 1924 ZUWA 2020

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Gumel da mutanenta da kuma sana'o'insu. A wannan babi kuwa za a dubi tarihin mutanen da suka baro ƙasashensu bisa raɗin kansu, suka zo Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar da niyyar kula da yara naƙasassu da marasa galihu, sannan a ga yadda aikin nasu ya shafi yaran masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Abin da babin yake ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, baƙin sun kawo magani da ilmin da babu su a da, amma taimakon nasu bai kai ga yaron ƙauye sosai ba sai lokacin da aka daina raba shi da iyayensa, aka kuma damƙa aikin a hannun 'yan gari. Duk inda aka kauce wa wannan, sai amana ta ɓaci, kuma yaran ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

3.1 Ma'anar Aikin Sa-kai

Aikin sa-kai shi ne aikin da mutum ya ɗauka da kansa ba tare da an tilasta masa ba, kuma ba don neman riba ba, ko da kuwa ana ba shi ɗan abin da zai riƙe kansa. Wajibi ne a bambance wannan ma'ana da wadda ta yaɗu a 'yan shekarun nan, inda ake kiran masu sintirin tsaron ƙauyuka 'yan sa-kai. Ba su ake nufi a nan ba. Haka kuma an yi amfani da kalmar naƙasassu domin ita ce aka sani a zamanin da ake magana a kai, duk da cewa a yau an fi son a ce masu buƙata ta musamman. A ƙarƙashinta akwai makafi da kurame da guragu da waɗanda kuturta ta taɓa.

3.2 Kula da Yaro Naƙasasshe Kafin Zuwan Turawa

Kuskure ne a ɗauka cewa kafin zuwan baƙi babu wani tsari na kula da naƙasassu a ƙasar Hausa. A Gumel, wadda sarautarta ta Mangawa ce, kuma ta daɗe tana bin Barno, addinin Musulunci da zumunci su ne ginshiƙan wannan tsari. Matakin farko shi ne gida. Yaron da aka haifa da naƙasa, ko cuta ta naƙasa shi, yana hannun uwarsa da kakarsa. In iyaye sun rasu ko sun gaza, sai baffa ko kawu ko gwaggo su ɗauke shi riƙo, domin Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne. Mataki na biyu shi ne zakka da sadaka, musamman lokacin kaka bayan an kawo gero da dawa gida. Na uku kuwa shi ne sarautun naƙasassu, wato Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suke sasanta rigingimun jama'arsu, su sauki baƙonsu, su kuma zama bakinsu a fada. Ban da wannan, makaho yana da wurinsa a makarantar allo, inda yake ɗaukar karatu da ka, kuma malamai sukan kafa hujja da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, sahabi makaho wanda ya yi ladanci a Madina.

Sai dai tsarin yana da nasa gurɓin. Yana ciyar da yaro, amma ba ya warkar da shi, kuma sau da yawa bara ce ƙarshen hanyarsa. Wani lokaci ma yaro lafiyayye yakan rasa karatu saboda an mai da shi ɗan jagora. Bugu da ƙari, an jingina wasu cututtuka ga iskoki. Sunan shan-inna kansa shaida ne, domin an yi imani cewa Inna ce take shanye ƙafar yaro, saboda haka wurin 'yan bori da bokaye ake nufa da shi. Wannan gurbi na magani shi ne ƙofar da baƙi suka shigo ta cikinta.

3.3 Kuturta da Zuwan 'Yan Sa-kai na Farko

Turawan Ingila sun shigar da Gumel ƙarƙashin mulkinsu a 1903, suka sanya ta cikin Lardin Kano. A shekarun farko na mulkin mallaka, asibitocin da aka gina na Turawa ne da sojoji da ma'aikata, kuma gwamnati ta hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi saboda alkawarin da aka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Cutar kuturta ce ta sassauta wannan hani.

A shekarar 1924 aka kafa wata ƙungiya a Landan mai suna BELRA domin yaƙi da kuturta a ƙasashen da Ingila take mulka. Ƙungiyar tana da likitoci masu ba da shawara, amma ba ta da isassun hannuwan da za su zauna da majinyata. A farkon shekarun 1930 wani limamin Kirista mai suna Tubby Clayton, wanda ya kafa ƙungiyar Toc H, ya ziyarci Afirka ta Yamma ya ga halin da kutare suke ciki. Da ya koma gida sai ya yi kira ga samarin ƙungiyarsa, kuma a 1935 aka turo rukunin farko na waɗanda suka amsa kiran zuwa Nijeriya. Waɗannan samari ba likitoci ba ne. Aikinsu shi ne wanke gyambo da yin allura da tsara gonaki da gine-ginen sansani. Ana iya cewa su ne 'yan sa-kai na farko a irin ma'anar da aka sani a yau.

Amma waɗanda suka fi barin tasiri a Lardin Kano su ne 'yan mishan na Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, da aka kafa a 1893. Ma'aikatanta sun fito ne daga Kanada da Amurka da Ingila da Ostareliya, ba su da tsayayyen albashi, da gudummawar majami'un garuruwansu suke rayuwa, kuma da yawa daga cikinsu mata ne masu aikin jinya. A 1937 aka damƙa wa SIM gudanar da sansanonin kutare na Lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu. Nan ne asalin shaharar Yadakunya kusa da Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. En'e tana ba da fili da wani kaso na kuɗi daga baitulmali, mishan kuma tana kawo ma'aikata da gudummawar waje. A can tsallaken iyaka ma SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956, kamar yadda Barbara Cooper ta yi bayani a littafinta na 2006 a kan Kiristocin yankin Maraɗi.

Tun da Gumel tana Lardin Kano, Yadakunya ita ce babban sansanin da ya shafe ta. Tsakanin Gumel da Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 120. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka buɗe a 1930 kuma take da tasha a Gagarawa, ta rage wahalar tafiya, amma ga talakan da ke ƙauyukan Sule Tankarkar ko bakin iyaka a Maigatari, kai yaro Yadakunya tamkar sallama shi ne, domin jinyar ba ta kwana bakwai ba ce.

3.3.1 Matsayin Yara a Sansanin Kutare

Maganin da ake da shi a lokacin shi ne allurar man wata itaciya ta ƙasar Indiya da ake kira calmugura. Allura ce mai zafi, ana yin ta shekara da shekaru, kuma amfaninta kaɗan ne. Saboda haka babban makamin likitoci shi ne keɓewa. Wannan ya shafi yara ta fuska biyu. Da farko akwai yaran da suka kamu, waɗanda akan ajiye a sansani tsawon shekaru nesa da danginsu. Na biyu akwai jariran da kutare suka haifa lafiya lau, waɗanda akan ɗauke daga iyayensu mata a kai su gidan reno domin gudun kada su kamu. Ƙungiyar BELRA ma ta fito da wani tsari inda mutum a Ingila zai ɗauki nauyin yaro guda a sansani yana aiko da kuɗi.

Ba za a musa cewa yaran sun sami abinci da sutura da karatun boko da sana'a ba. Shobana Shankar, a littafinta na 2014 a kan asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya, ta nuna cewa daga cikin waɗanda suka tashi a irin waɗannan wurare aka sami malaman asibiti da malaman makaranta 'yan ƙasa. Amma matsalar ita ce, mishan ba magani kaɗai ya kawo ta ba, tana da manufar yaɗa addini, kuma ba ta ɓoye ba. Yaron da ya tashi a hannun mai reno Baturiya yakan tashi da addinin da ba na iyayensa ba. Sarakuna sun yi ƙorafi a kan haka, har gwamnati ta sa ƙa'idar da ta taƙaita koyar da addinin Kirista ga yaran Musulmi da ba su kai shekara 18 ba, 'yan mishan kuma suka yi ta jayayya da ita. Sakamakon haka shi ne, uba ya shiga tsaka mai wuya: ko dai ya ɓoye ɗansa a gida cuta ta ci yatsunsa, ko ya kai shi inda yake tsoron zai rasa shi baki ɗaya. Daga nan ne zargin da ake yi wa taimakon baƙi ya fara yin saiwa a zukatan jama'a.

3.3.2 Ƙwayar da ta Mai da Yaro Gida

Abin da ya warware wannan ƙulli ba yawan 'yan sa-kai ba ne, sauyin magani ne. A ƙarshen shekarun 1940 Dokta John Lowe, wanda yake bincike a Uzuakoli ta Gabashin Nijeriya, ya tabbatar da cewa ana iya shan ƙwayar dafson ta baki a ƙaramin awo, ga ta kuma da araha. A shekarun 1950 sai Gwamnatin Jihar Arewa ta shiga buɗe ƙananan wuraren shan magani a gundumomi, inda malamin kutare ɗan ƙasa yake raba ƙwaya mako-mako, majinyaci ya sha ya koma gida. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna iri biyu ko uku, wanda yake warkarwa cikin watanni, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya. Bincike ya kuma nuna cewa mafi yawan mutane jikinsu ba ya karɓar cutar, kuma wanda ya fara shan magani ba ya yaɗa ta. Ke nan raba jariri da uwarsa da aka yi shekaru ana yi ya zama abin da babu buƙatarsa. Darasin da ke nan shi ne, malamin da ke zuwa da keke ranar kasuwa ya kai ga yaran da sansani bai taɓa gani ba.

3.4 Makafi da Kurame

Ta fuskar makanta, muhimmin abin tarihi shi ne buɗe asibitin ido na SIM a Kano a 1943 a ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh, Ba'amurke. Asibitin ya yi suna har ana zuwa daga Nijar da Chadi, kuma daga baya ya koma hannun majami'ar ECWA ta 'yan ƙasa. Ga mutanen Gumel, inda ƙarancin ruwa da ƙura da ƙuda suke haddasa ciwon amosanin ido, ga kuma ƙyanda da take makantar da yara, nan ne babbar madogara. A 1950 John Wilson, wani Bature da ya makance yana ɗan shekara 12, ya kafa ƙungiyar da a yau ake kira Sightsavers bayan ya zagaya ƙasashen Afirka. A 1953 kuma mishan ta SUM ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri.

Ta fuskar kurame, sunan da ya fi fitowa shi ne na Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne. Ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashen Afirka. Hikimarsa ita ce horar da kurame 'yan ƙasa su zama malamai, shi ya sa aikin bai mutu da mutuwarsa ba. Sai dai ya zo da maganar hannu irin ta Amurka, ita ce kuma ta mamaye makarantu, alhali kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a kai a Kano ta buga a shekarar 2000. Saboda haka yaro yakan dawo hutu da harshen da uwarsa ba ta sani ba.

A nan ma nisa ya yi aikinsa. Gindiri tana ƙasar Filato, Ibadan kuwa ba a magana. Sai a 1977, shekarar da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta keɓe sashe ga ilmin naƙasassu, aka sami makarantar Tudun Maliki a Kano, lokacin Gumel tana cikin Jihar Kano.

3.5 Bayan Samun Mulkin Kai

Bayan 1960 an sami sabon nau'in 'yan sa-kai waɗanda ba addini ya kawo su ba. Akwai ƙungiyar VSO ta Ingila da aka kafa a 1958, da Peace Corps ta Amurka da CUSO ta Kanada, dukkansu a 1961. Yawancinsu matasa ne da suka gama jami'a, sukan yi shekara ɗaya ko biyu suna koyarwa a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai. Tasirinsu a kan yara naƙasassu bai kai na 'yan mishan ba, domin ba su daɗewa, kuma kafin su iya Hausa lokacin tafiyarsu ya yi. Gaskiyar Bahaushe da ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ya cike gurbin malaman waje da 'yan ƙasa. A tsakiyar shekarun 1970 kuma gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin asibitoci da makarantun mishan. Da wannan zamanin sansani a hannun Turawa ya ƙare, baƙi suka koma masu ba da tallafi da horo.

3.6 Annobar Sanƙarau ta 1996 da Rikicin Rigakafin Shan-inna

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Shekara biyar bayan haka, a rani na 1996, aka yi annobar sanƙarau mafi muni a tarihin Nijeriya, inda fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, galibi a jihohin Arewa. Sanƙarau na cikin manyan dalilan kurumta a wannan yanki, domin yaron da ya tsira sau da yawa yakan rasa ji. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, ta zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano tana jinya kyauta. A wannan asibiti kuma kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 sun rasu, wasu kuma suka naƙasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma an sami yardar iyaye da baki. An yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Ma'aikatan kamfani ba 'yan sa-kai ba ne, amma uwar da ta zo da ɗanta a sanƙare ba ta da hanyar bambance wannan Bature da wancan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta yaɗu cewa maganin rigakafin shan-inna yana hana haihuwa, har wasu jihohi, musamman Kano, suka dakatar da shi, kuma labarin 1996 na cikin hujjojin da aka riƙa kafawa, kamar yadda Elisha Renne ta nuna a littafinta na 2010. Kano ba ta koma rigakafi ba sai Yulin 2004. A 2006 yaran da cutar ta shanye a Nijeriya sun haura 1,000, mafi yawansu a Arewa, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa, kuma ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Gari irin Maigatari, inda kasuwar Alhamis take haɗa fatake da makiyaya daga Nijeriya da Nijar, ya nuna cewa cuta ba ta san iyaka ba.

Abin lura shi ne yadda aka gyara ɓarnar. Ba ƙarin baƙi aka kawo ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aikin ya bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Daga 2012 aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa suna shiga gida-gida suna wayar da kan 'yan'uwansu, guragu da cutar ta naƙasa su ma suka shiga gaba suna nuna kansu a matsayin shaida. Aikin bai tafi ba hasara ba, domin a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji. Kuɗi da magani daga waje suka zo, ta hannun ƙungiyoyi irin su Rotary da UNICEF, amma ƙafar da ta taka soro ta shiga cikin gida ta 'yar gari ce.

3.7 Tamowa da Sabon Salon Taimako

Irin wannan darasi ya sake fitowa a yunwar da aka yi a Nijar a 2005. A da, yaro mai tamowa sai an kwantar da shi asibiti makonni tare da uwarsa, ta bar gona da sauran 'ya'ya. A wannan shekara MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawa a yankin Maraɗi, ta hanyar ba uwa wani abinci na musamman da aka haɗa da gyaɗa da madara da mai da sukari, ta tafi da shi gida ta dawo bayan mako. Mai tsananin ciwo kaɗai ake kwantarwa. Nijeriya ta fara bin wannan tsari a 2009, ya kuma iso Jigawa. Ƙungiyar ta daɗe tana aiki a Magarya ta ƙasar Damagaram, maƙwabciyar Arewacin Jigawa, kuma tun 2008 tana aiki a babban asibitin Jahun wajen haihuwa da kula da jarirai. A irin waɗannan wurare mafi yawan ma'aikata 'yan ƙasa ne, baƙi ƙalilan ne masu ƙwarewa ta musamman.

Duniya ma ta sauya ra'ayi game da tara yara a gidajen marayu da kai musu baƙi na 'yan makonni. An gane cewa da yawa daga yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ko naƙasa ce ta kai su, kuma shaƙuwa da baƙon da zai tafi gobe tana yi wa yaro illa. A Disambar 2019 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su fifita tallafa wa iyali a kan ajiye yara a gidajen reno. Wato dai an dawo kan abin da tsarin riƙo na Bahaushe ya ginu a kai tun asali.

3.8 Abin da ya Rage a Kan 'Yan Gari

Idan aka auna duk abin da ya gabata, za a ga cewa yabon baƙin nan wajibi ne, domin yaba kyauta tukwici. Sun bar ƙasashensu, sun taɓa gyambon da wasu 'yan gari suke ƙyama, sun kuma nuna cewa makaho da kurma suna iya karatun zamani. Amma taimakon nasu ya fi ƙarfi wajen magani da rigakafi, wato wajen hana naƙasa. Renon yaron da ya riga ya naƙasa, da karatunsa da sana'arsa, aiki ne na shekara ashirin, ba kuwa baƙon da zai zauna haka a Gagarawa ko Sule Tankarkar. Hukuma ta ɗauki wasu matakai. A 2007 Gwamnatin Jihar Jigawa ta Alhaji Sule Lamido ta fara biyan wasu naƙasassu alawus na Naira 7,000 a wata, a Janairun 2019 kuma aka sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna musu bambanci. Duk da haka, matsalar da ta faro tun zamanin Yadakunya, wato nisa, ba ta gushe ba. Muddin sai yaro kurma ya bar gidansu ya tafi wani gari kafin ya sami malamin da zai iya magana da shi, to iyaye da yawa za su zaɓi su bar shi gida, musamman in 'ya mace ce. Garin Gumel yana da kwalejin horon malamai tun shekarun 1970, saboda haka horar da malaman da za su karɓi irin waɗannan yara a firamaren ƙauyensu abu ne da yake a hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an bi diddigin zuwan baƙi 'yan sa-kai tun daga kafa BELRA a 1924 har zuwa kawar da shan-inna ta daji a 2020. An ga cewa sun tarar da tsarin gargajiya mai ciyarwa amma marar magani. An ga yadda sansanin kutare ya kawo jinya amma ya raba yaro da iyayensa, da yadda abin da ya faru a 1996 ya zubar da amana har ya jawo wa wasu yaran naƙasa bayan shekaru. An kuma ga cewa a kuturta da shan-inna da tamowa, nasara ta samu ne lokacin da magani ya je gida ta hannun ɗan gari. A babi na gaba za a dubi matsayin sarautun naƙasassu a masarautar Gumel da irin rawar da za su iya takawa wajen ilmin yara.